Sawu huɗu zuwa Alor Setar: yadda na buɗe asusu a bankin ƙasa da ƙasa a Malesiya

Na sauka a filin jirgin Kuala Lumpur a ƙarshen watan Satumban 2023 da jaka biyu, da katin rigakafin shawara, da 'yan daloli a ɗaure cikin aljihun ciki, da kuma wata dabara da nake ganin na fi kowa wayo da ita. Yayana yana aiki a Dubai, shi ya ɗauki nauyin karatuna, kuma albashinsa yana shiga wani babban banki ne mai rassa a ƙasashe da yawa. Tun muna gida muka duba muka ga bankin nan yana Malesiya. Sai muka ce shi ke nan, an gama: in na isa in buɗe asusu a wurinsu, shi kuma ya riƙa turo min kamar mai ciro kuɗi daga aljihun dama yana mayarwa na hagu. Wannan tunanin ne ya ci min wata biyu da sawu huɗu a hanya, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta yadda aka yi, domin duk shekara 'yan'uwanmu na tahowa da irin wannan lissafin.

Makarantarmu tana can arewacin jihar Kedah, dab da iyakar Tailan. Bankunan ƙasar irin su Maybank da CIMB da Bank Islam ba sa wuyar samu, kusan kowane ƙaramin gari za ka ga alamarsu. Nawa bankin kuwa da na buɗe taswira a waya, reshensa mafi kusa yana Alor Setar, babban birnin jihar, tafiyar kusan kilomita 50. Wani ɗan Zariya da ya riga ni zuwa da shekara biyu ya ce min, "Malam, ka bi inda kowa ke bi mana, ga banki nan a bakin ƙofa." Na yi masa murmushin wanda ya san abin da yake yi. Ranar Juma'ar farko na yi sammako, muka yi karo-karon kuɗin mota da wasu ɗalibai uku, muka miƙa. Hanyar kanta abin kallo ce, gonakin shinkafa ne iya ganinka hagu da dama, sai ka ce Kadawa ce aka shimfiɗa ta ba iyaka. Kedah ce rumbun shinkafar ƙasar. Na isa ƙofar banki ƙarfe goma, na tarar da ita a garƙame, an rataye ɗan allo an rubuta "Tutup", wato a rufe. Ashe a Kedah da Kelantan da Terengganu hutun mako Juma'a da Asabar ne, bankuna Lahadi suke buɗewa zuwa Alhamis. A jikin gilashin an jera ranakun: Ahad, Isnin, Selasa, Rabu, Khamis. Ko ba ka jin yarensu ka gane, daga Larabci muka ɗauko mu da su. Abin da na samu a wannan tafiyar shi ne sallar Juma'a a Masallacin Zahir, wanda aka gina a 1912, sai na ce to, ba a yi asara duka ba.

Kafin in koma karo na biyu fasfona ya bar hannuna. Wanda bai sani ba ya sani: takardar amincewa da bizar shiga da kake zuwa da su daga gida ba su ne izinin zama ba. In ka sauka za ka yi gwajin lafiya a kwanakin farko, sannan ka miƙa fasfo a ofishin ɗaliban waje na makaranta, su tura shi ta hannun EMGS, hukumar da ke kula da takardun ɗaliban ƙetare, har shige da fice su manna maka takardar izinin karatu. Duk tsawon wannan lokacin kwafi ne a hannunka da wata wasiƙa mai hatimi. Ni kuma na ɗauka wasiƙar za ta wadatar. Ranar wata Lahadi na koma, na ciri lamba a 'yar na'urar bakin ƙofa, na zauna cikin sanyin da ya sa na yi da-na-sanin barin rigar sanyi a ɗaki. Bayan kamar minti arba'in lambata ta fito. Ma'aikaciyar, wata Bamalaya mai ɗankwali ruwan toka, ta karɓi takardun da hannu biyu, ta duba su ɗaya bayan ɗaya ba gaggawa, sannan ta ɗago ta ce, "Tak boleh, Encik." Ba zai yiwu ba. Sai fasfo na asali, da izinin karatu a manne a ciki. Na ce mata ai yayana abokin hulɗarsu ne a Dubai shekara da shekaru, har na nuna mata hoton katinsa a waya. Ta yi min bayani cikin natsuwa cewa wancan banki daban, wannan daban. Suna ɗaya ne, tambari ɗaya, amma ita ko sunan yayana ba za ta iya gani a kwamfutarta ba.

A mota ina dawowa maganar ta yi ta yi min yawo a kai, daga baya na bincika na gane gaskiyarta. Bankunan waje sun daɗe a ƙasar nan, sun ma girmi ƙasar kanta: wanda ya zama Standard Chartered ya buɗe a tsibirin Penang a 1875, HSBC ya biyo baya a 1884, ita kuwa ƙasar sai 1957 ta samu 'yancin kai. Amma doka ta wajabta musu zuwa 1994 su yi rajista a matsayin kamfanonin cikin gida, da jarinsu daban, ƙarƙashin babban bankin ƙasar, Bank Negara Malaysia. Saboda haka abin da kake gani a Alor Setar ɗa ne ga uwar kamfanin da ke Landan ko Singafo, ba ɗaki ba ne a cikin gidanta. Haka kuma an daɗe ana taƙaita musu buɗe sababbin rassa, shi ya sa bankin gida ke da rassa ɗaruruwa, su kuwa 'yan gomomi, yawanci a kewayen Kuala Lumpur da Penang da Johor Bahru, sai ɗaya ko biyu a sauran jihohi. Wani ma ya tattara ya bar harkar ɗaiɗaikun mutane gaba ɗaya: Citibank ya sayar wa UOB na Singafo wannan ɓangaren nasa a 2022. Sauƙin turawa tsakanin ƙasa da ƙasa da muka ji labari kuwa akwai shi, sai dai na manyan masu ajiya ne, waɗanda ke barin ɗaruruwan dubban ringit, kuɗin ƙasar, a banki, kuma galibi tsakanin asusun mutum ɗaya ne da ke ƙasashe biyu. Ɗalibin da ke ƙirga canjin shayi ba da shi ake ba.

Makonni biyar na yi ba fasfo. A nan ne dalolin aljihu suka yi rana, domin katin bankina na gida ya zama ado: a lokacin yawancin bankunan Najeriya sun dakatar da amfani da katin naira a waje tun 2022. Na riƙa canzar da dala ɗari-ɗari a wurin 'yan canji masu lasisi, waɗanda ke zaune a bayan gilashi da allon farashi a sama, ba irin cinikin tsaye na Wapa ba. Sabuwar takardar dala ɗari mai shuɗin zare suka fi so, ƙananan takardu kuma farashinsu ya fi ƙasa. Wannan halin dai duk duniya ɗaya ne. Kuɗin ɗaki na biya da tsaba, mai gidan tana mamaki, don mutanen nan sun saba da ɗaga waya su haska lambar QR ko a wurin mai sayar da soyayyar ayaba.

A cikin wannan zaman ne wani ɗan ƙasarmu, wanda ba ɗalibi ba ne kuma ban san sana'arsa ba, ya same ni a wurin cin abinci ya ce in ina so akwai asusun da zai ara min, ko kuma in na buɗe nawa ya riƙa ba ni wani abu duk wata ana shigo masa da kuɗi ta ciki. Na ce masa Allah ya ba da sa'a, na tashi. Malayawa suna da suna ga wannan aikin, "keldai akaun", kuma keldai jaki ke nan. Sunan ya dace, jaki ne ke ɗaukar kaya, shi ne kuma ke shan sanda. Duk kuɗin damfarar da ya ratsa ta asusunka kai 'yan sanda za su nema, kuma in aka sa sunanka a baƙin littafi babu bankin da zai sake kallonka. Irin waɗannan ne suka ɓata mana suna har koren fasfo ya zama abin dubawa sau biyu.

Farkon Nuwamba fasfo ya dawo da takardar izini ta shekara ɗaya. Washegari na kama hanya, sawu na uku. Wannan karon wani saurayi ne ɗan asalin Sin ya karɓe ni. Ya duba fasfo ya gyaɗa kai, ya duba takardar shiga makaranta ya gyaɗa kai, sai ya tsaya a kan wasiƙar shaidar ɗalibta. Matsala biyu ya nuna min da bakin biro. Ta farko, wasiƙar "ga duk wanda abin ya shafa" aka rubuta, su kuma suna son wadda aka ambaci sunan bankin da reshen, aka kuma ce don buɗe asusu ne. Ta biyu ita ce ta fi ba ni haushi, don laifina ne: a fasfo sunana uku ne, na mahaifi a gaba, a fom ɗin makaranta kuwa na rubuta biyu kawai, kuma na rubuta Muhammad inda fasfo ya ce Mohammed. A gida wa zai kula? A nan harafi ɗaya ya isa a mayar da kai. Na fito na tsaya a bakin titi kamar in yi kuka, ga zafi ga kuɗin mota da ya tafi a banza. Na taka zuwa Pekan Rabu, kasuwar da tsohon firaministan ƙasar Mahathir Mohamad ya taɓa yin tireda a cikinta yana saurayi, na sayi abinci na ci don zuciya ta sauka. Gyaran wasiƙar kwana uku ya ɗauka a makaranta, ba a karɓi ko sisi ba.

Sawu na huɗu shi ne na gaske, kuma ya ci awa biyu da rabi. Na zo da fasfo, da sabuwar wasiƙa, da takardar shiga makaranta, da yarjejeniyar hayar ɗaki don shaidar adireshi, da lambar wayar Malesiya da aka yi wa rajista da sunana. Wannan lambar kada ka raina ta, komai a kanta zai rataya, kuma kada ka ba da ta aboki. Ma'aikaciyar farko ce na sake samu, ta gane ni, ta yi dariya ta ce yau dai "boleh". Ta tambaye ni wane iri nake so, na ruwa ko na Musulunci. A ƙasar nan kusan kowane babban banki, har na Turawa, yana da ɓangaren Musulunci, wasu ma kamfani ne mai zaman kansa, kuma za ka gane hajarsu da ƙaramin harafin "i" da ake liƙawa a ƙarshen suna. Sun daɗe a harkar, Bank Islam tun 1983 yake, mu kuwa sai 2012 Jaiz ya fara aiki. Na ce ta yi min bayanin inda ribar take fitowa. Ta ce ciniki ne na murabaha: bankin zai sayi haja da kuɗina a matsayin wakilina, sau da yawa manja ne a wata kasuwa da aka tanada don haka, sannan ya saye ta daga hannuna da ɗan ƙari. Na san malamai sun yi saɓani a kan wannan salon, kuma ni kaina ban fito da cikakkiyar natsuwa ba, amma na ga ya fi min kuɗin ruwa tsagwaronsa, na zaɓe shi.

Daga nan aka shiga tambayoyi. Wa ke ɗaukar nauyinka? Me yake yi? A wace ƙasa? Nawa kake sa ran zai riƙa shigowa a wata? Kana da dangi mai riƙe da muƙamin siyasa? Kana da alaƙa da Amurka ta haihuwa ko ta haraji? Sai wani fom na musayar bayanan haraji tsakanin ƙasashe, inda ake son lambar harajinka ta gida; in ba ka da ita akwai gurbin da za ka faɗi dalili. Da na ce Najeriya da Dubai, sai ta ɗan yi shiru ta ƙaro wata takarda. Dalilin shi ne a lokacin ƙasashen biyu duk suna cikin jerin da hukumar FATF mai yaƙi da halasta kuɗin haram ke sa wa ido: an sa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a Maris 2022, Najeriya kuma a Fabrairun 2023. Tun daga baya an cire su, Daular a Fabrairun 2024, Najeriya a Oktoban 2025, amma ni a tsakiyar abin na faɗo. Ta ce reshe ba shi da ikon amincewa da kansa, sai an tura hedikwata a Kuala Lumpur, kuma suna son kwafin fasfon yayana da shaidar albashinsa. Na kira shi nan take. "Yaya, sai ka turo min takardar albashinka." Ya ce, "Kai, asusu za ka buɗe ko aure za ka nema?" Ya dai turo. Na sa hannu a wurare sun fi goma, ta ce in kula sa hannun ya zama iri ɗaya da na fasfo, na tafi gida hannu wofi.

Kwana goma sha ɗaya ban ji komai ba, har na fara tunanin bin shawarar ɗan Zariya. Rana ta sha biyu aka kira ni. Wannan komawar ba na lissafa ta cikin wahala, don minti talatin ta ɗauka: na zuba ringit 250 na buɗewa, aka cire ringit 8 kuɗin katin shekara, na zaɓi lambar sirri mai lamba shida, ba huɗu irin tamu ba, aka ɗaura min manhajar banki a waya. Ta gargaɗe ni cewa waya ɗaya tak ake ɗaurawa, kuma duk wanda ya sauya waya sai ya jira wasu awanni kafin ya iya tura kuɗi; ƙa'ida ce da babban banki ya kawo don maganin 'yan damfara. Ta rubuta min 997 a bayan takarda, lambar da ake kira in an yashe mutum. A jikin ƙofa kuma akwai tambarin PIDM, hukumar inshorar ajiya, wadda ke lamunce wa kowane mai ajiya har ringit 250,000 a kowane banki, baƙo ko ɗan ƙasa. Na kalli adadin na kalli ɗari biyu da arba'in da biyun da suka rage min, na yi dariya ni kaɗai.

Saura gwajin da aka yi duk wannan wahalar dominsa. Yaya ya tashi turo dala 1,500 ranar wata Alhamis da yamma, ya ce in ba shi IBAN, wato lambar asusu ta ƙasa da ƙasa. Na duba ko'ina ban ga wannan ba, ashe Malesiya ba ta amfani da shi, Dubai ce ke yi. Abin da ake bukata shi ne lambar asusu, da sunanka yadda yake a banki harafi da harafi, da lambar SWIFT ta bankin, wadda bankunan duniya ke gane shi da ita, da dalilin turawa. Ya tura, muka zauna jiran alat. Juma'a shiru, reshena na hutu. Asabar kowa na hutu. Lahadi reshena ya buɗe, amma Dubai da New York da hedikwatar Kuala Lumpur duk suna hutu, don ita ma Dubai ta koma hutun Asabar da Lahadi tun farkon 2022. Wato a mako kwana huɗu ne kacal kowa da kowa ke bakin aiki, Litinin zuwa Alhamis. Me ya kawo New York cikin maganar? Dala ce, kuma dala in za ta tashi daga wani banki zuwa wani sai ta bi ta wakilin banki a Amurka, ko da tambarin mai turawa da na mai karɓa iri ɗaya ne. Ringit kuma ba a cinikinta a wajen ƙasar tun matakan da gwamnatin Mahathir ta ɗauka a Satumban 1998, lokacin rikicin kuɗin Asiya, saboda haka a cikin gida ake canza kuɗin, da farashin bankin da ya karɓa.

Ranar Talata aka kira ni daga banki, ba alat ba, tambaya: kuɗin nan na mene ne, kuma mene ne alaƙata da mai turowa? Na ce kuɗin makaranta da na abinci, daga yayana, takardunsa na wurinku. Aka ce in turo takardar kuɗin makaranta ta imel. Laraba da azahar kuɗi suka shigo. Da na yi lissafi sai na ga kusan dala 25 ta zube a hanya, ga shi kuma farashin da aka canza min ya gaza na allon 'yan canji, a lokacin dala tana wajen ringit 4.6. Yaya ya karɓo takardar shaidar turawa da ake kira MT103, a ciki muka ga an rubuta SHA, ma'ana an raba cajin tsakaninmu, shi ya biya na bankinsa, na hanya kuma an yanka a jikin kuɗin. Da ya zaɓi OUR, shi zai ɗauki cajin duka, galibi kuɗin su iso cif. Wannan yana da muhimmanci in kuɗin makaranta ne kai tsaye, don gibin dala goma ya isa a ce ba ka gama biya ba. Tun daga nan muka koma turawa ranar Litinin da safe, kuma sau ɗaya a wata uku maimakon kowane wata, tunda cajin bai damu da yawan kuɗin ba.

Ba zan ce bankin bai yi min rana ba. Manhajarsu ba ta taɓa ba ni kunya ba, ana amsa waya da Turanci ko da tsakar dare, kuma bayan turawar farko ba a sake tsare min kuɗi ba. Da asusun ya fara aiki ma sai nisan reshe ya daina damuna, don ta DuitNow, tsarin tura kuɗi tsakanin bankunan ƙasar, nake tura wa mai gida kuɗin haya nan take ba caji, da QR nake sayen shinkafa da kaza, in kuma tsaba nake so ina cira a na'urar kowane banki a yanke ɗan abin da ba ya taka kara ya karya. Inda nisan ke ciwo shi ne abin da sai an ga fuskarka: buɗe asusu, zuba tsabar kuɗi, sauya lambar waya in abin ya rikice, sabunta takardu. Da zan sake daga farko, zan fara buɗewa a bankin gida da ke kusa da makaranta, wanda ya saba da wasiƙarta kuma ya saba ganin koren fasfo, tunda shi ma yana karɓar kuɗin waje ta SWIFT kamar kowa. In ya so daga baya in ƙara da na ƙasa da ƙasa in akwai dalili. Zan kuma taho da abin da zai riƙe ni wata biyu a hannu, in tuna cewa abin da ya haura kwatankwacin dala 10,000 sai an bayyana shi a filin jirgi, kuma in tabbatar sunana iri ɗaya ne a kowace takarda tun daga fom ɗin neman gurbin karatu.

Akwai kuma abu ɗaya da ba wanda ya faɗa min sai da na gani. Asusun ɗalibi a ɗaure yake da izinin zamansa. Da shekara ta zagayo na miƙa fasfo don sabuntawa, sai ga saƙo daga banki cewa takarduna sun kusa ƙarewa, in kawo sababbi ko a taƙaita asusun. Fasfon kuma yana can wurin hukuma. Wannan karon ban tashi mota ba sai da na kira, na tura musu shaidar cewa ana kan sabuntawa, na ciri kuɗin da zai ishe ni wata guda na ajiye, na jira. Ranar da fasfo ya dawo Alhamis ce da la'asar, na duba kalanda, na bari sai Lahadi.